Katin kalmar calm: inda aikin bin salsala ya kai

'Yan uwa masu koyo, katin koyon kalmomin Turanci da aka kammala a wannan zagaye shi ne na calm, kalmar da Bature ke faɗa wa teku in ya kwanta, da iska in ta lafa, da mutum in hankalinsa na kwance. Ga yadda aka cika shi da wuraren da aikin ke ɓaci.

Kayan aiki ba su canza ba: kati mai inci 3 da 5, biro don abin da ƙamusai suka yi ittifaƙi a kai, fensir don abin da suka ce wataƙila. Gaban kati na furuci ne da ma'anar yau, bayansa na salsala. Daga Turanci ake fara salsalar a yi baya, harshe ɗaya a kowane layi, tare da ƙarni da ma'anar da kalmar ke ɗauke da ita a lokacin. Kada a tsallake ma'anar, domin a wannan kalma labarin duka a nan yake.

Furuci tukuna. A daidaitaccen Turancin Ingila ba a furta l ɗin, "kaam" ake cewa da dogon wasali, haka ma palm da balm da psalm. Wasu Amurkawa suna furta shi. Mu da muka saba karanta boko harafi bayan harafi, bakinmu kan kai ga "kalam", ko mu gajarta wasalin har ta koma come. Maganinsa a jera calm da come a riƙa faɗinsu bi da bi, ana naɗa a waya ana saurara, har tsawon wasalin ya fito fili.

Yanzu bayan kati. Kalmar ta bayyana a Turanci a ƙarshen ƙarni na 14, kuma teku da iska aka fara siffantawa da ita kafin a kai ga zuciyar mutum. Ƙamusun Turancin wancan zamani na Jami'ar Michigan, wanda ke kyauta a intanet, nan ake duba jimlolin farko da shekarunsu. Daga Faransanci ta shigo, calme, shi kuma wataƙila daga Italiyanci, calma, siffar da Sifaniyanci da Fotugis ma suke da ita. Layi na huɗu Latin ne na baya-baya, cauma, kuma a nan ma'anar ta juya gaba ɗaya: tsananin zafin rana tsaka. Kalmar tana cikin fassarar Latin da Jerom ya yi wa Littafi Mai Tsarki wajen shekara ta 400, a Ayuba 30:30, inda ƙasusuwa suka bushe don zafi. Layin ƙarshe Girkanci ne, kauma, zafi mai ƙuna, daga aikatau kaiein, ƙonawa.

Ta yaya zafi ya zama kwanciyar hankali? A ƙasashen gaɓar Bahar Rum, in rana ta take a bazara, manomi ya ajiye aiki, dabbobi su nemi inuwa, iska ta ɗauke, gari ya yi tsit. Sunan zafin ne ya koma kan hutun da zafin ke tilastawa, daga nan ya koma kan tsit ɗin kansa. Duk wanda ya san lokacin ƙailula a watan Afrilu, sa'ad da ko kaza ba ta motsi, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Abin da ya sa muka sa wannan da biro shi ne akwai shaida daga gefe. Faransanci na da chômer, zama ba aiki, daga Latin caumare, hutawa lokacin zafi. Daga nan chômage ta fito, kalmar rashin aikin yi da 'yan uwanmu na Nijar ke ji kullum a rediyo. Sifaniyanci kuma ya bi makamanciyar hanya da siesta, daga Latin sexta, sa'a ta shida bayan fitowar rana.

Ga wani wuri da ke buƙatar fensir. Babu l a cauma, to ina aka samo shi? Bayanin da ƙamusai suka fi kawowa shi ne tasirin aikatau na Latin calere, yin zafi, da kalmar "wataƙila" a gabansa. Kuskuren da ke biyo baya shi ne a ɗauko calorie a rubuta ta cikin dangin calm. Ita daga calor take, gidan calere, ba gidan kaiein ba. Maƙwabta ne da ɗaya ya shafi ɗaya, don haka a ja kibiya da fensir daga gefe, kada a sa su a layi guda.

Kuskure na biyu ya fi yawa, wato bin kamannin sauti. Kunne na jin calm sai ya tuna alƙalami. Shi ma alƙalami tushensa Girkanci ne, kalamos, wato kara, ya biyo ta Larabci ya zo mana, amma ba abin da ya haɗa shi da kauma. Ƙa'idarmu ita ce, in babu rubutacciyar siffa a kowane mataki tsakanin kalmomi biyu, ba a haɗa su. Dangin gaske su ne caustic, kamar a sunan sodar masu haɗa sabulu, da cauterize, lalas da likita ke yi don tsayar da jini, har da ink, tawada, daga Girkanci enkauston, abin da aka ƙona ya shiga.

A gaban kati a rubuta jimla uku, domin kalmar na aiki uku ba tare da ta canza siffa ba: sifa, suna, da aikatau. A ƙara ma'anar ma'aikatan yanayi. A ma'aunin iska da Francis Beaufort na sojan ruwan Ingila ya tsara a 1805, calm ita ce mataki na 0 cikin 0 zuwa 12: iskar da ba ta kai kilomita 2 a awa ba, hayaƙi na tashi sak, teku kamar madubi. Ga matuƙan jirgin da iska ke turawa wannan ba alheri ba ne, shi ya sa becalmed ke nufin jirgin da ya maƙale a tsakiyar ruwa don rashin iska.

Abin da ya fi damunmu a jimlolin masu koyo shi ne musanya calm da quiet. Ta biyun rashin ƙara ce, ta farkon rashin tashin hankali ko motsi. Mutum na iya yin shiru zuciyarsa na tafasa, wannan quiet ne kawai. Wani kuma yana ta ba da umarni da babbar murya a wurin gobara hankalinsa kwance, shi ne calm.

Katin gaba na quiet ne, daga Latin quies, hutu. A tanadi kati biyu, domin quite da ake yawan rikitawa da ita wajen rubutu gida ɗaya suka fito, haka quit da coy da requiem, kuma duka ba za su shiga bayan kati ɗaya ba.