Abin da na kwaso daga aikin tukwanen shuka

Tunda na ajiye aiki ake ta tambayata me na koya, to ga shi.

Duk wanda ya zauna da mu ya san aikin tukwanen nan, na jona shuka mai rai da kwamfuta. Ba mu muka ƙago dabarar ba. Tun 1992 Christa Sommerer 'yar Ostiriya da Laurent Mignonneau ɗan Faransa suka jera shuke-shuke biyar masu rai, suka jona su da kwamfuta. Kana kai hannu kusa da ganye, 'yar wutar da ke tsakanin jikinka da shukar ta motsa, sai tsiro ya fara tashi a allon majigi. Akwai wata shuka mai ƙaya a cikinsu, ka taɓa ta, komai ya goge. Mu da zogale da lalle da ɗan dashen kuka muka yi namu, da Arduino guda, wato ɗan allon lantarki da ke haɗa su da kwamfuta.

Majigi duhu yake so, shuka kuwa rana take so. Na ce a riƙa fitar da tukwanen hantsi, a mayar da la'asar. Oga ya kalle ni ya ce, "Kai injiniya ne ko mai lambu?" Dattijon da ke ba su ruwa ma ya sallame shi, wai ana rage kashe kuɗi. Ga hunturu ya kankama. Ƙasar tukwanen ta bushe ƙamas, zogalen ya zubar da ganye, lambobin da nake gani a kwamfuta suka kwanta.

Ranar buɗewa babban baƙo ya shafa lallen, shiru. Ya sake, shiru. Oga ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ne bai iya haɗa waya ba." Gaban ɗalibaina! Ban tanka ba. Na fasa ledar fiya wata biyu na tuttula a tukunyar, na ce a sake gwadawa. Rassa suka cika allon har sama. Aka tafa wa Oga. A takardar da ke jikin bango kuma sunansa ne kaɗai.

Ga wanda zai gaje ni: duk shawarar da ka bayar, tura ta a rubuce. Gwada na'urar a yanayin da za a nuna ta, lambobin damina ba sa aiki da rani. Ka girmama mai ban ruwa, ya fi wasu masu ofis sanin aikin.

Na ji an ce yanzu furannin roba ya sa aka sayo, don ba sa shan ruwa. Allah ya ba da sa'a wajen jona su.