Majistare ɗaya, kotu uku

Yawancin aikina na lauya a kotunan majistare na ƙananan hukumomi nake yinsa, nesa da babban birnin jiha. A can an saba a tarar da kotu a buɗe, rajistara na zaune, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya zo da fayil a hammata, amma alƙali ba ya nan. Ba ƙin aiki ya yi ba. Yana zama ne a kotun maƙwabta, domin an haɗa masa gundumomi biyu ko uku.

Ni ban ƙi tsarin ba. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Katsina 34, Kano 44, kuma akwai garuruwan da ƙararrakinsu na mako ba su kai a ajiye musu majistare na dindindin ba. Idan wani ya tafi hutu ko aka yi masa sauyin wurin aiki, dole na kusa ya riƙe masa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin rabon a takarda, a bar talaka da sauran wahalar.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce idan akwai kotun da ke da hurumi cikin tazarar kilomita 40, a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya. To, idan majistare ranar Talata kaɗai yake zama a garin fa? Wanda aka kama ranar Laraba sai ya kusa mako a ofishin 'yan sanda, alhali ginin kotun na tsallaken titi. In ba haka ba a ce za a kai shi inda alƙalin yake, kuma sau da yawa kuɗin mai a wuyan danginsa yake faɗawa.

Akwai wata dattijuwa da nake tsaya wa a rikicin ɓarnar gona. Ta ɗauko shaidu biyu daga ƙauyensu da damina, ta biya musu kuɗin babur, ta ƙullo musu ƙosai a leda. Muka zauna a benci har aka kira azahar, sannan rajistara ya yago takarda ya rubuta sabuwar rana ya miƙa mata. Ta juyo ta ce, "Ɗana, yau ma bai zo ba?" Na ce, "Baba, yana wata kotun ne." A zama na gaba ɗaya daga cikin shaidun bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba, ga noma ya kama shi.

Shi ma majistaren abin tausayi ne. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kano a 2019, ta ɗora wa majistare duba wuraren da ake tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata. Mai gunduma uku, ofisoshin 'yan sandan da zai zagaya sun ninka, ga hukunce-hukuncen da zai rubuta, ga hanya. Na ga wanda a motar haya yake zuwa, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ƙila gabansa za su tsaya.

Ina roƙon Manyan Jojin jihohi, duk inda aka raba majistare, a tsayar da ranakun zamansa, a manna su a ƙofar kotu, a sanar da hakimai da dagatai. Idan ba zai samu zuwa ba, rajistara ya buga wa masu ƙara waya tun jajibere, ai lambobinsu na cikin fayil. A ba shi mota da mai. Batun beli kuwa, kada ya jira ranar Talata. A ba majistaren da ya fi kusa ikon saurarensa a ranar da aka kawo mutum.