Taron da aka yi domin su

Yau 2 ga Afrilu na leƙa taron ranar wayar da kai kan lalurar galahanga (autism), mai shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da jama'a, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 bisa shawarar ƙasar Qatar. Kowa da shuɗiyar riga, manyan baƙi a gaba, an ƙure lasifika har ƙirjin mutum na amsawa. Can baya wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, yana ta jijjiga a kan kujera. Da aka ɗau tafi sai ya fasa ihu. Wani mai kula da zama ya matso ya ce, "Hajiya, don Allah a ɗan fita da shi, babban baƙo na jawabi." Ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafi ta kama hannun ɗanta. A waje na jajanta mata, ta ce, "Malam, ai na saba. A makaranta ma haka aka maido min da shi, dangin babansa kuwa har yanzu cewa suke aljanu ne."

Abin ya tsaya min a rai. Da yawa daga cikin yaran nan ƙara mai ƙarfi azaba ce gare su, kuma duk wanda ya shirya taro dominsu ya kamata ya san haka. Ban raina ranar ba, a irinta wasu iyaye ke fara jin cewa ba sammu ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Amma tun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa wariya a Najeriya, ga shi matar nan har yau ba ta da makarantar da za ta kai ɗanta.