Mu Huɗu a Ɗakin Tarihin Garinmu

Bayan na ajiye aikin koyarwa, Hakimi ya kira ni ya ce in kula da ɗakin da ake tara tsofaffin kayan gari. Ɗaki biyu ne na ƙasa da ƙaramin zaure, a wani gari na Jigawa da layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa yi ba." Ya ce akwai waɗanda zan tarar a can.

Mutum uku na tarar. Baba Maigadi, Iya mai shara, da wani matashi ɗan sa-kai da ya gama sakandare.

Na fara da abin da na iya, wato rubutu. Na je Gidan Makama a Kano na ga yadda suke manna wa kowane abu lamba da bayani, na dawo na sayi babban littafi. Kwana goma ina bin kaya ɗaya bayan ɗaya: kwari da baka, garkuwar fata, akushi, tsohon sikelin awon gyaɗa, tukunyar wuri. A cikinsu akwai wani ɗan siririn baka mai tsirkiya, bai kai kamu ɗaya ba. Na rubuta masa takarda cewa bakan yara ne na harbin tsuntsu, na rataye shi kusa da kayan yaƙi.

Iya ba ta karanta boko, don haka sai da 'yan firamare suka zo ta ji ina yi musu wannan bayani. Ba ta katse ni ba. Bayan sun tafi ta jingine tsintsiyarta ta ce, "Malam, wannan ai bakan shiɓa ne." Ta ciro shi, ta nemi guntun auduga ta ɗora a kan tsirkiyar, tana fizga da yatsa har audugar ta tashi ta yi laushi. Daga nan ta bi ɗakin tana tsinto 'yan uwansa da na warwatsa. Ƙarfen da na ajiye a kayan maƙera, magurji ne na fitar da gurya. Ga mazari, ga allin da mai kaɗi ke shafa wa yatsu. Ta jera su a kan faifai yadda aikin yake tafiya, gurza, shiɓa, kaɗi, ta bambanta min abawa da zare mai laushi, ta ce da kuɗin kaɗi mahaifiyarta ta yi mata kayan ɗaki. Shekara da shekaru tana share ƙurar waɗannan kaya, babu wanda ya taɓa tambayarta ko kalma ɗaya. Abin ya tsaya min a rai.

Tun daga ranar ba na rubuta bayani sai mun zauna mu huɗu a kan tabarma da abin a tsakiyarmu.

Baba Maigadi shi ne gwanin kuɗi da gyaɗa. Mahaifinsa ɗan dako ne a tasha, bayan da jirgin ƙasa ya kai Nguru a 1930 ana lodin buhuna zuwa Kano. In yara suka kewaye shi sai ya ɗaga anini mai huda a tsakiya ya fara lissafi: anini goma kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Sannan ya ba su labarin 1973 da aka kawo naira da kwabo, yadda tsofaffi suka daɗe suna ciniki da sule a baki. Ni da na yi shekaru ina koyar da tarihi ban taɓa ganin aji ya yi tsit haka ba.

Aikin yau da kullum kuwa yaƙi ne da gara. Mun ɗaga komai daga ƙasa a kan katako, muna duba gindin bango kowace safiya. Da damina fata takan yi fumfuna, da hunturu ta bushe ta tsage. Takardun ajami muna barin su cikin gafakarsu, ba gam, ba salatif, don na ga yadda salatif ya cinye tawadar wata wasiƙa da wani ya yi niyyar gyarawa kafin zuwanmu.

Darasin da ya fi min zafi shi ne na takobi. Wani dattijo ya kawo takobin kakansa, na karɓa da godiya da addu'a, ban rubuta ko kyauta ce ko aro ba. Da Allah ya yi masa rasuwa magada suka zo, wasu na cewa yana cikin gado, wasu na cewa ya bayar. Sai da aka je gaban Hakimi, kuma muka mayar. Yanzu duk wanda ya kawo abu, ko ludayi ne, za a rubuta sunansa da na gidansu da sharaɗinsa, shaidu biyu su sa hannu. Masu zuwa da kuɗi suna neman mu sayar musu da tsohon kaya kuwa, Baba kan tare su tun a zaure ya ce, "Alhaji, amanar mutane ce." Ni kuma in ƙara musu da cewa dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba da izini ba.

Matashin nan shi ya kawo shawarar mu riƙa ɗaukar muryar Iya da Baba a wayarsa. Duk ranar Laraba bayan la'asar muke yi, da dare in kwafe a littafi. Mun gama kayan kaɗi da na awon gyaɗa. Wannan makon Iya ta ce tukwane za ta yi mana, kuma ta yi alkawarin zuwa da ƙawarta, wadda gidansu maginan tukwane ne.