Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kwano Biyu

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya kama hannuna ya damƙa ni ga Alhaji, bayan na gama firamare babu halin wucewa gaba. Yaran yanzu in na ba su labarin nan sukan yi mamaki, wai yaya mai bi zai kai ɗansa koyon sana'a wurin Musulmi. A ƙasarmu ta wajen Kafur wannan ba abin tambaya ba ne a lokacin. Kakan Alhaji da kakan Baba ciki ɗaya suka fito. Zuri'ar ɗaya ta yi salla tun da wuri, ta ɗayan ta zauna a maguzanci har masu bishara na mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suka iso, Baba ya fasa tukunyar tsafinsa ya karɓi bi. Suna da biki da zaman makoki duk tare muke yi. Kawu ya kamata in riƙa ce masa, amma tun da a rumfa kowa Alhaji yake cewa, ni ma sai bakina ya bi.

Alhaji hatsi yake saye yana sayarwa: dawa, gero, masara, wani lokaci wake. Aikina awo. Ranar farko ya miƙo mini kwanon awo, wanda mu a wajenmu muke ce wa tiya, ya ce buhu tiya arba'in ne, in an zuba a yi tozo, kada a danna, kada a girgiza, in tsohuwa ce a ƙara mata gyara. Iyakar karatun da ya yi mini ke nan. Saura ido ne ya koya mini.

Wanda bai ga 1984 ba ba zai gane abin da ake nufi da tsadar hatsi ba. Daminar 1983 ta yi gardama, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Soja sun karɓi mulki a ranar ƙarshe ta shekarar, aka shigo da yaƙi da rashin ɗa'a, ana bin layin sabulu da madara da bulala a gefe. A watan Afrilu aka canza launin takardun kuɗi, aka rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. Mutanen ƙauye da suka binne kuɗi a tukunya suka riƙa zuwa rumfarmu suna roƙo a karɓi tsohon kuɗi a ba su ko da rabin awo ne. A irin wannan shekara tafi ɗaya na dawa kuɗi ne.

Wani yaro da ya girme ni, a rumfar da ke kallon tamu, shi ya nuna mini hanya. Ba zan ɗora masa laifin ba, shi nuni ya yi, ni na yi aiki. Abin ba wuya. Ka kifa kwano a kan yashi, ka naɗe bakin taɓarya da tsumma don kada ya bar tabo, ka ɗan daki gindin sau biyu ko uku. Gindin zai shige ciki kaɗan, ido ba ya gani sai an tsura. Wannan shi ne na sayarwa. Na saye kuma sai ka ajiye shi a zaune ka daka daga ciki, ya ƙara zurfi. Na sayi sabon kwano da kuɗina na yi masa aiki na farko, na Alhaji kuma na yi masa na biyu. In manomi ya kawo hatsi a kan jaki, babban nake ɗaukowa. In mace ta zo da ƙwarya za ta auna na tuwon dare, ƙaramin ne. Duk buhu sai na fitar da tiya biyu, wani lokaci uku, in zuba a wani buhu da na ɓoye a shagon mai faci. Alhaji yana samun lissafinsa cif, bai taɓa tambaya ba.

Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne, a wannan lokacin ne na fi ƙwazo a majami'a. Ni ne mai karanta nassi ranar Lahadi saboda muryata da kuma karatuna ba ya sarƙewa. Ina cikin mawaƙa, ina koyar da yara a Makarantar Lahadi. Kada wani ya zaci ina kwana da damuwa. Barci nake yi har da minshari. Na riga na shirya wa kaina amsa: kowa haka yake yi, Alhaji ba ya biyana abin kirki, kuma ai ina fitar da zakka daga ciki. Zuciyar mutum lauya ce, ba ta rasa abin faɗa.

Da godiyar kaka ta zo, manoma suka kawo dami ɗaya, dami biyu, wasu kaza, wata tsohuwa ƙwai huɗu a cikin ƙoƙo. Ni kuwa buhun dawa guda na sa aka ɗauko a amalanke aka dire a gaban bagade. Mata suka yi guɗa. Fasto ya tsayar da ni ya ce matasa su yi koyi. Aka sayar da kayan godiyar, aka haɗa da abin da ke hannun ma'aji, aka sayi kwanon rufi aka rufe ɓangaren baya na majami'a da ya daɗe yana yoyo. Na sayi keke kuma a watan Kirsimeti.

Akwai wata gwauruwa a ikilisiyarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Wankau da daka take yi wa mutane. Duk ranar kasuwa takan zo ta auna tiya biyar, kuma wurina take zuwa, ta ce gara ta kai kuɗinta wurin ɗan'uwa cikin Ubangiji. Wata ranar taron Zumuntar Mata, da aka zo karɓar roƙon addu'a, sai ta miƙe ta ce a taya ta addu'a, albarka ta fita daga hatsinta. Awon da yakan kai su mako yanzu ana saura kwana ɗaya yake ƙarewa, yara su kwana da ruwan kanwa. Ta ce ta bincika zuciyarta ko akwai zunubin da ta yi ba ta tuba ba, ta rasa. Mata suka durƙusa suka yi mata addu'a. Inna tana cikinsu. A hanyar gida ta tambaye ta wurin wa take awo.

Inna ba ta iya karatu ba, kuma ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta doguwar magana da ni. Ba ta ce mini komai ba. Sai dai daren nan da ƙanwata ta kawo mini tuwo, na ga malmalar ta ragu. Na ɗauka hannu ne ya kuskure. Washegari haka. Na ƙannena yana nan yadda yake, na Baba yana nan, nawa ne kawai. Ina cinyewa in sha ruwa in kwanta ciki bai cika ba. Sai a dare na shida na kasa haƙuri, na je bakin madafa na tsuguna na ce, "Inna, ko hatsi ya yi ƙasa ne a gidan? In haka ne gobe in kawo."

Tana kankare tukunya, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hatsi yana nan."

Na ce, "To na ga tuwona yana raguwa."

Ta ajiye mara, ta miƙa hannu bayan randa ta jawo ƙaramin kwanona. Ashe ta sa ƙanwata tana zaro shi daga jakata da yamma tana mayarwa kafin asuba. Ta jawo nata tsohon kwanon da aka yi mata gara da shi, ta cika nawa da gero har tozo, ta juye a nata. Ya tsaya ƙasa da baki da kamar yatsa biyu. Ta ce, "Kai wannan, da naka nake auna maka. Kai ƙato guda kwana shida ka kasa. Su yara biyar ne, wata nawa?"

Na karanta ayar nan ta Luka sura 6 a gaban jama'a ba sau ɗaya ba, inda Yesu ya ce mudun da ka auna wa mutane da shi za a auna maka. A kaina abin Ranar Shari'a ne, can gaba. Ban san za a auna mini a bakin murhun gidanmu ba, da hannun matar da ba ta san ko harafi ɗaya a cikin ayar ba.

Baba bai dake ni ba, da ya daka ma ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki nasa, tsohon juyin nan na 1932 da bangonsa ya cire har ya sa baduku ya yi masa na fata, ya buɗe labarin Zakka mai karɓar haraji ya ce in karanta da muryar da nake karatu a majami'a. Da na kai inda mutumin ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu, Baba ya ce in tsaya nan. Ya ce, "Wurin Alhaji za ka fara. Sunansa ka sayar, ba naka ba."

Alhaji ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Ya karɓi kwanonin biyu ya juya gindinsu yana shafawa da babban yatsa. Ya ce a nasu littafin sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, kuma tun yana yaro ake tsorata shi da ita, ga shi an yi shekara ana tauyewa a rumfarsa yana zaune. Sai ya ce abin da ya fi yi mini ciwo: "Ni da na ɗauke ka, cewa na yi ɗan mishan ba ya ƙarya. Shi ya sa ban taɓa duba kwanonka ba." Bai kore ni ba. Ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara.

Gyaran ne ya zama aiki. Gwauruwar na san ta, lissafinta mai sauƙi ne, na sayar da keken na kai mata buhu guda. Amma sauran fa? Ɗaruruwan mata da manoma daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, wa zan bi? Dattawan ikilisiya suka zauna a kaina har dare. Wani ya ce a mayar mini da buhun godiyata, ikilisiya ba ta cin haram. Ma'aji ya ce buhun yana bisa kanku, sai dai a hau a ɓamɓare kwano. Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A ƙarshe aka sa ni ƙarƙashin horo na wata uku: ba karatu, ba waƙa, ba Jibin Ubangiji, zama a bencin baya. Bencin baya kuwa daidai ƙarƙashin sabon rufin yake. Ista ta 1985 a nan ta same ni, rana tana dukan kwanon yana ƙas-ƙas a bisa kaina, yaran da na koya wa haddar aya suna waiwayowa.

Maganar waɗanda ban sani ba, Alhaji ne ya warware ta, ba dattawa ba. Ya ce in juya kwanonin. Babban da nake saye da shi, da shi zan riƙa sayarwa har kaka ta zagayo, manomi kuma a auna masa da kwano na gaskiya a ƙara masa kuɗin tiya guda a kan kowane buhu, duk giɓin a cire daga ladana. Haka aka yi. Wata takwas ban riƙe ko kwabo ba. Na so in ce muku daga nan kasuwa ta buɗe mini, amma ba haka aka yi ba. 'Yan rumfunan kusa suka tsane ni don ina ɓata musu ciniki, wasu masu saye kuma suka ce ruwa ba ya tsami banza, tun da awona ya fi na kowa to hatsin ne da algus.

Gwauruwar ta karɓi buhun, ta ce ta yafe saboda Ubangiji ya ce a yafe. Ta ƙara da cewa hatsin ba shi ya fi ƙona mata rai ba, wata uku ta yi tana azumin Laraba tana neman laifinta. Har ta bar duniya ba ta sake awo a wurina ba. Takan wuce ta gaban rumfarmu, mu gaisa, ta tambayi Inna, ta ƙarasa wurin wani.

Ranar da aka ɗage mini horo, aka kira ni gaba, Fasto ya yi addu'a, jama'a suka amsa. Cikin dattawan da suka miƙo mini hannu har da wanda ya ce a mayar da buhu. Hannunsa bai daɗe a nawa ba. Shi ne mahaifin yarinyar da na yi shekara ina rakawa gida bayan koyon waƙa, kuma Baba ya riga ya sayi goron gaisuwa tun kafin wannan magana ta tashi. Yadda goron nan ya je gidansu ya dawo, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.