Kofi na uku

A shekarata ta ƙarshe ta karatun kimiyyar abinci a jihar Kentaki ta Amurka, aka sa mu kwas ɗin tantance ƙamshi da ɗanɗano. Wata rana muka shiga aji muka tarar da kofuna shida a jere, kowanne da wiski na hatsin da ake kira "rai" (rye), ɗan'uwan alkama. Na matsa kusa da malamarmu na ce, "Malama, ni Musulmi ne, ba na shan giya." Ta ce ba komai, in yi aiki da hanci, da ma shi ne babban makamin masu tantancewa.

Kofi na uku shi ne wanda aka ɗebo daga ganga ba a sirka shi da ruwa ba. Wiskin kanti yawanci barasarsa kashi 40 ne cikin ɗari, wannan kuwa ya haura 55. Na cusa hanci kamar mai shinshina miya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa! Na rubuta a takarda: "Ba komai sai zafi." Na ba shi maki mafi ƙanƙanta.

Malamar ta duba takardata, ba ta yi dariya ba. Ta sa na ɗiga ruwa kaɗan, na jira minti biyu, na riƙe kofin nesa da hanci, baki a ɗan buɗe. Sai ga ƙamshin masoro da kanumfari, can ƙasa kuma wani abu mai kama da banila da sukarin da ya ƙone. Yajin daga hatsin yake, don dokar Amurka ta ce sai hatsin rai ya kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka haɗa kafin a kira shi wiski na rai. Zaƙin kuwa daga ganga ne, sabuwa ta itacen ok da aka babbake cikinta. Ƙarfin barasar ne ya toshe mini hanci, ni kuma na yanke hukunci a shaƙa ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a rumbunan Kentaki, gangar da ke benen sama, inda zafi ya fi yawa, ruwanta ne ke ficewa, sai giyar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta shiga.

Yanzu a kamfanin kayan yaji nake aiki. Jiya wani sabon yaro ya buɗe buhun citta ya danna hanci, ya fara atishawa, ya ce ba ta da kyau. Na miƙa masa faranti na ce ya zuba kaɗan, ya jira.