Tumaki da Takardar Kiwo a Ƙasar Navajo

Aikin koyarwa ne ya kawo ni Shiprock da ke jihar New Mexico ta Amurka, cikin ƙasar Navajo, mutanen da ke kiran kansu Diné. Sanyin hunturu da nisan da ke tsakanin gida da gida sun wahalar da ni da farko, amma tumaki ne suka haɗa ni da mutane, domin a gidan kiwo na tashi, kuma duk dattijuwar da ta ji haka sai ta saki jiki da ni, kasancewar a al'adarsu galibi garke na mata ne.

A nan ba a sakin dabba sai da takardar izinin kiwo, wadda ake lissafa ta da tunkiya: saniya a matsayin tumaki 4, doki kuma 5. Gadon takardar ake yi, kuma matasa da yawa masu son kiwo ba su da ita. A shekarun 1930 gwamnatin tarayya, ta hannun John Collier, shugaban hukumar da ke kula da harkokin ƙabilun asali na Amurka a lokacin, ta ce dabbobi sun yi wa ƙasar yawa har tana zaizayewa, ta tilasta a rage su, wasu ma aka harbe su aka bar su a daji. Jikokin waɗanda aka yi wa haka ne ke zuwa taron mazaɓa yau, shi ya sa da an ambaci ƙidayar dabbobi sai fuskoki su sauya.

Duk da haka tsari ya zama dole. Fari ya daɗe, dawakan da ba su da mai su suna cinye ciyawa, maƙwabtana kuwa a bayan mota suke ɗebo wa tumaki ruwa, alhali gonaki da dama a bakin kogin San Juan suna kwance saboda rikicin gado da lalacewar magudanan ruwa. Dokar da majalisar Amurka ta yi a 1993 ta tanadi ƙabilun asali irin su Navajo su tsara noma da kiwo na shekara 10. Ina zuwa taron mazaɓarmu, ɗaya daga cikin mazaɓu 110 da aka raba ƙasar Navajo, in zauna a baya in saurara, kuma a ganina tsarin ba zai kama ƙasa ba sai an fara da gyaran rijiyoyi da raba takardun gado, kafin a tambayi kowace dattijuwa yawan tumakinta.